Kwana Takwas A Garin Masunta Na Ƙasar Fotugal

Duk wanda aka haifa a ƙasar Daura ya san labarin garinmu da baƙo ya fara, da tsohuwa, da roƙon ruwa. Bayajidda ya iso da dare, ya sauka a gidan Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a samun na Kusugu sai ranar Juma'a. To, mu ma da Allah ya kai mu wani garin masunta a can ƙarshen ƙasar Turai, gidan wata tsohuwa muka sauka, abin da muka fara roƙo kuwa shi ne ruwa, ko mu ce abin zuba shi, domin mun manta butarmu a Lisbon.

Mu huɗu ne. Biyu fataken fata ne da ƙirgi waɗanda suka saba cin kasuwar Mai'aduwa kowace Lahadi, ɗaya malami ne wanda yake yayan ɗaya daga cikinsu, na huɗun kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne wanda ya riƙe mana alƙalami da tafinta. Abin da ya kai mu shi ne nuna samfurin fatun awaki ga majema na garin Alcanena, inda sana'ar jima ta ƙasar Fotugal ta fi ƙarfi. Suka karɓi samfuri, suka ce mu dawo bayan kwana goma. Da muka ƙirga abin da ya saura a aljihu, muka ga in mun zauna a Lisbon kuɗin kwana kaɗai zai cinye ribar da ba mu ma gani ba tukuna. Wani ɗan'uwa Musulmi mutumin Gini Bisau da muka gamu da shi a babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, shi ya ba mu shawara mu gangara kudu, yankin da ake kira Algarve, tun kafin watan Yuli da Agusta su kawo masu yawon shan iska kuɗin ɗaki ya tashi. Ya ce kada mu sauka inda Turawan Ingila da Jamus suke sauka, mu wuce Faro kaɗan zuwa Olhao, garin da mutanensa ke ci daga teku. Jirgin ƙasa ya kai mu Faro cikin sa'a uku da wani abu, wani ƙarami ya ƙarasa da mu cikin 'yan mintoci.

Masaukin irin wanda suke kira pensao ne, watau gidan da iyali suka mayar wurin saukar baƙi. Bene ne siriri mai hawa uku, yana fuskantar bakin ruwa, matakalarsa ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Muka kama ɗaki biyu, kowane ɗaki Yuro 45 a dare tare da karin kumallo na burodi da man shanu da gahawa. Makewayi ɗaya ne ga duk mai kwana a hawa guda. Ba na'urar sanyaya ɗaki, sai taga da iskar teku, wadda take shigowa da ƙarnin kifi da kukan tsuntsayen ruwa tun kafin gari ya waye. Alhajin da ya fi mu shekaru ya dubi gadon, ya dubi rufin, ya ce ai ɗakin da yake kwana a zangon Mai'aduwa ya fi wannan fāɗi. Gaskiya ya faɗa. Amma zanen gadon fari ne tas, kuma kowace safiya sai an share ko'ina an goge, abin da ba kowane masaukinmu na gida zai yi alfahari da shi ba.

Uwargidan masaukin ta haura saba'in, mijinta masunci ne, ya rasu da daɗewa, kullum cikin baƙin kaya take. Ba ta jin Turancin Ingilishi sai kalma biyu uku, tafintanmu kuwa bai san harshensu ba, saboda haka da hannu da fuska aka yi yawancin maganar. Da muka kwatanta mata buta, ta yi jim, ta tafi ta dawo da wata 'yar roba mai dogon baki wadda take ba furanninta ruwa da ita. Da ita muka yi alwala kwana takwas. Ga wanda zai je ƙasar nan, akwai wani sauƙi da ba a samu a Ingila: galibin makewayinsu suna da wani kasko na tangaran mai famfo a gefen masai, wanda aka yi shi musamman domin tsarki da ruwa.

Matsala ta fari ita ce alƙibla. A Daura in mutum ya fuskanci gabas ya ɗan karkata hagu, wajen arewa, ya dace. Jiki ya saba da haka tun ƙuruciya, har Alhaji ya shimfiɗa dardumarsa a kan wannan sabo. Malam ya fito da ma'aunin alƙibla ya nuna mana cewa a nan Makka tana gabas ne da ɗan karkata dama, wajen kudu, domin mun yi arewa da ita nesa. Da aka gyara shimfiɗa sai ga shi bangon da muke fuskanta yana ɗauke da hoton Nana Maryamu irin na Kiristocin Katolika, da ƙaramin gicciye a ƙarƙashinsa. Wani daga cikinmu ya ce a cire a sa a aljihun tebur. Malam ya ce, "Alhaji, gidan mutane ne, ba mu taɓa musu abin bautarsu ba da izini ba. Mu nemi wani wuri." Da haka muka gano soron gidan. Gidajen tsohon garin Olhao farare ne masu kusurwa huɗu, rufinsu shimfiɗaɗɗe, da matakala ta waje da ake hawa da ita, kai ka ce sorayen unguwar fada ne aka shafa wa farar ƙasa. Muka ɗauka ginin zamanin Musulmi ne, ashe ba haka ba. Garin bai bunƙasa ba sai ƙarni na 17 da na 18, kuma ana danganta wannan fasalin gini ga masuntansa da suka riƙa zirga-zirga zuwa gaɓar Maroko. Sunan rufin dai, açoteia, daga Larabci ya fito. A kan wannan soro, tsakanin igiyoyin shanya, muka yi yawancin sallolinmu.

Sai maganar lokaci. A watan Yuni agogon Fotugal daidai yake da na Nijeriya, ba mu taɓa agogunanmu ba. Amma sa'ad da mutanen Daura ke tsayawa Magariba wajen ƙarfe bakwai, a Olhao rana tana sama tana haskawa kamar La'asar sakaliya. Ba ta fāɗuwa sai kusan ƙarfe tara, Lisha sai an wuce goma da rabi, alfijir kuwa ya keto ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Ba ladan, sai ƙararrawar coci mai buga sa'o'i. Wanda bai ɗaura niyya ba, ya kuma dogara ga jikinsa ya tashe shi, lalle Asuba za ta kuɓuce masa. Mu abin da ya taimake mu shi ne masunta. Jiragensu da suka fita da dare suna fara komowa da jijjifi, ƙarar injinsu ita ta zama mana kiran farko.

Mun yi gardama a daren farko a kan ƙasaru. Fataken suka ce mu matafiya ne, raka'a biyu ta ishe mu har mu koma gida. Malam ya tuna musu abin da yake cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk mun zauna gabanta a zaure muna yara: matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salla ashirin, ya fita daga hukuncin tafiya, sai ya cika. Mu kuwa kwana takwas muka biya tun a ƙofa. Aka cika salla, sai ranar da muka tafi garin da nisansa ya wuce mil 48, a hanya muka yi ƙasaru. Mun kawo wannan ne domin mun sha ganin 'yan'uwa fatake suna wata guda a Dubai ko Guangzhou, sun san ranar komawarsu tun daga gida, suna ta ƙasaru ba su tambayi kowa ba.

Abinci shi ne inda muka fi samun daɗi, shi ne kuma inda muka yi tuntuɓe. A bakin ruwa akwai kasuwa mai rumfuna biyu manya na jan bulo, ginin farkon ƙarni na 20, ɗaya ta kifi ɗaya ta kayan lambu. Mu da muka saba da tarwaɗa da ƙarfasa na madatsun Sabke da Daberam, da banda da ake kawowa cikin kwali, muka tsaya muna kallon halittun Ubangiji da ba mu san sunansu ba: kifi mai tsawon takobi, kifi shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe ɗaya, ƙaguwa, jatan lande, katantanwar ruwa iri-iri, da wani mai hannuwa takwas da suke kira polvo. Alhaji ya ce shi kam ba ya cin abin da bai san kansa daga wutsiyarsa ba. Malam ya yi dariya ya ce ƙyama daban, haramci daban. A mazhabar Imamu Malik duk abin da yake rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da an same shi matacce, bisa ga aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da hadisin nan na Muwaɗɗa mai bayyana tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Hanafawa ne suka tsaya ga kifi kaɗai. Saboda haka Bamalike a garin masunta ba shi da damuwar mahauci. Sadin, wanda ba mu taɓa gani ba sai a gwangwani, a nan ɗanye ake gasa shi a kan gawayi da gishiri kawai, a ɗora a kan burodi, kuma watan Yuni lokacinsa ne.

Wannan sauƙi ne ya sa muka saki jiki. A dare na uku muka shiga wani ɗan gidan abinci a lungu, muka nuna wa mai gidan akushin katantanwar ruwa da muka ga ana kai wa wani teburi, muka ce a kawo irinsa. Aka kawo cikin wani kwanon tagulla mai murfi kamar ƙwarya biyu a kife. Ɗayanmu ya riga ya kai loma biyu kafin tafinta ya tono wani jan yanki daga ƙasa. Naman alade ne da aka cusa a hanji. Ashe mutanen kudancin Fotugal sun saba haɗa katantanwar ruwa da alade, kuma da yawa daga cikin miyar kifinsu da giyar inabi ake dafa ta. Mai gidan bai yi da mugunta ba, mu ne ba mu tambaya ba. Ɗan'uwanmu ya fita waje hankalinsa a tashe, Malam ya bi shi ya kwantar masa da rai, ya ce wanda ya ci bisa rashin sani ba laifi a kansa, ya wanke baki da hannu ya isa. Daga ranar tafinta ya rubuta kalmomi huɗu a takarda: porco alade, chouriço wannan jan nama na hanji, banha kitsen alade, vinho giya. Duk inda muka zauna sai a miƙa takardar a girgiza kai. Abin da ya fi aminci shi ne gasasshen kifi da dafaffen dankali da man zaitun, wanda idonka yana kansa daga wuta har faranti.

Da rana, in ruwa ya janye, sai ka ga maza da mata sun bazu cikin laka suna tonon katantanwa, in ya komo su hau kwale-kwale. Sau biyu yake haka kowace rana. Bayan gari kuwa akwai fadamun gishiri, inda ake tare ruwan teku a kwamai rana ta ƙone shi, a tara farin gishiri tuli-tuli. Fatakenmu suka tuna da kantun Bilma da ayarin raƙuma ke saukowa da shi ta Damagaram, suka ce aikin ɗaya ne, sai dai can ruwan daga ƙarƙashin hamada yake fitowa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda muka riƙa jin Larabci a bakin mutanen da ba su san Larabci suke yi ba. Sunan yankin, Algarve, shi ne Algarbu, watau yammacin Andalus. Man zaitun azeite ne. Tela alfaiate ne. Tukunyar da suke jefawa teku su kama mai hannuwa takwas alcatruz ce, daga sunan gugan da ake ɗaura wa na'urar ban ruwa. Babban tarkon da dā suke kama kifin tuna da shi almadrava ne. Uwargidan masaukinmu in za ta ce Allah ya sa gobe a wayi gari lafiya sai ta ce oxalá, wanda asalinsa ambaton mashi'ar Allah ne. Har ofishin kwastan, alfândega, daga alfunduƙu ne, masaukin fatake na garuruwan Musulmi inda baƙo ke sauke kaya, ya kwana, a karɓi haƙƙin hukuma. Irin aikin da fatoma yake yi a zangunanmu ke nan, mai saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. A can masaukin ya rabu da ciniki, sunan ya zauna wa masu karɓar haraji.

Musulmi sun ƙetaro Andalus a shekarar 711, cikin 'yan shekaru suka kai wannan yanki, ba su rasa shi ba sai 1249 da Sarki Afonso na Uku ya ci Faro. Shekara ɗari biyar da 'yan kai ke nan. Mai karatu ya auna da cewa daga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa yau ba a kai rabin haka ba. Mun hau jirgin ƙasa zuwa Silves, wadda Larabawa ke kira Shilb, tsohuwar hedkwatar yankin. Ganuwarta ta jan dutse tana nan a kan tudu. Idrisi, masanin ƙasashe na ƙarni na 12, ya yabi mutanenta da fasahar Larabci. Mu'utamid ɗan Abbad, sarkin Ishbiliya kuma mawaƙi, a nan ya yi gwamna yana saurayi, ya ƙare a tsare a Agmat ta Maroko, inda ya rasu a 1095. A gidan tarihin garin akwai wata rijiya ta zamanin Muwahhidai, zurfinta wajen mita 18, da matakala mai kewaye ta har ƙasa. Mun daɗe a bakinta. Kusugu har yau ana jan ruwanta, jikokin masu ita suna kewaye da ita. Wannan kuwa an killace ta, ana biyan kuɗi a leƙa.

Ba a yini ɗaya abin ya tafi ba. Sarakunan Musulmi sun rarrabu, kowane gari da sarkinsa, wani yana neman taimakon Kirista a kan ɗan'uwansa. Ibn Ƙasi, shehin da ya tayar da muridansa a Mertola a 1144, ya ƙulla da sarkin Fotugal na farko, mutanen Shilb suka kashe shi a 1151. An ci garin a 1189, Yakubu Almansur ya ƙwato shi a 1191, ya sake fita hannu bayan shekara hamsin da wani abu. Waɗanda suka saura aka ware musu unguwanni, suna noma da su da gini, har Disamba 1496 da Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da doka Yahudu da Musulmi su bar ƙasar ko su bar addininsu. Mutumin Daura ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan rabuwar gida, domin a ƙarni na 19 sarautar ƙasarmu ta kasu tsakanin Daura da Zango da Baure, Damagaram tana leƙowa daga arewa, ba ta sake haɗuwa ba sai 1906.

Rana ta shida muka tafi ƙarshen layin dogo, garin Lagos, mai suna ɗaya da Ikkon Nijeriya a bakin Turawa. A nan ne ranar 8 ga Agusta 1444 jiragen Lançarote suka sauke mutum 235 da aka kamo daga tsibiran gaɓar ƙasar da yau ake kira Muritaniya, aka raba su kashi biyar a wani fili bayan ƙofar gari, ɗan sarki Henrique yana kan doki yana jiran nasa kason na mutum 46. Marubucin fada, Zurara, ya rubuta yadda aka raba uwa da ɗa, miji da mata. Daga ƙasar Musulmi aka ɗebo su, da yawansu kuma masunta ne kamar masu kamun nasu. A 2009, ana haƙar wurin ajiye motoci a bayan ganuwar garin, aka tono ƙasusuwan 'yan Afirka 158 da aka jefa a juji, ba wanka ba likkafani, wasu da alamar an ɗaure musu hannu. Muka tsaya a gefen hanya muka yi addu'a. A jirgi muna komowa tafinta ya ce kada mu manta hanyar da ta bi ta ƙasarmu zuwa Damagaram da Agadas ba fata da gishiri kaɗai ta ɗauka ba. Ba wanda ya amsa masa, har muka wuce tasha biyu.

Juma'a a Faro muka yi ta, tunda wanda ya yi niyyar zama ta hau kansa. Masallacin wani ɗaki ne a ƙasan bene, ba hasumiya ba allo babba. Ya cika har ƙofa da mutanen Bangaladash da Maroko da Senegal da Gini Bisau, masu aikin gini da gonakin lemo da wanke-wanke a manyan otal. Wasu sun sa hannu a ƙirji, wasu sun saki kamar yadda muka tashi muka ga ana yi a gida, ba wanda ya dubi wani. Bayan sallama wani saurayi Basenegale ya gane mu daga hulunanmu, ya rantse sai mun ci shinkafa a ɗakinsa, inda suke kwana su shida. Shi bai karɓi ko sisi ba, ya ma raka mu tasha.

Ranar tashi muka sauko da kaya tun da sassafe. Uwargidan ta rubuta lissafi a takarda, Alhaji ya so ya taya kamar yadda aka saba a Mai'aduwa, tafinta ya taka masa ƙafa. Muka biya cif. Muka ba ta goro biyu da suka saura, ta gutsura ta yamutsa fuska, ta yi dariya har da hawaye. Ita kuma ta ba mu ƙullin gishirin garinsu. Malam ya wanke 'yar robar nan ya miƙa mata, ya yi godiya da hannu biyu. Ba ta mayar da ita wurin furanni ba. Ta hau da ita bene, muna jin takunta a matakala, ta rataye ta a ƙusa bayan ƙofar makewayi, sa'an nan ta sauko ta buɗe mana ƙofar waje. Jirgin Faro na ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ne, majeman Alcanena kuwa suna jiranmu jibi.